Alhaji, ga amsar tambayarka kan talabijin na intanet

Assalamu alaikum Alhaji. A taron masu gidajen kallon ƙwallo da aka yi a Agege ka tashi gaban jama'a ka tambaye ni, wai me ya sa mu masu haɗa kayan intanet ba ma iya gwada sabis mu ba da garanti kafin mu karɓi kuɗi, tunda waya tana nuna gudun netiwok 40 Mbps (ma'aunin gudun intanet ke nan) amma ana fara wasa hoto sai ya sandare. Tambayar ta dame ni wallahi, don na san asarar da kake yi in yara suka ce a mayar musu da kuɗinsu.

Wannan lambar da ka gani, gudun da ke tsakanin wayarka ne da wata sabar, wato babbar kwamfutar da ake gwajin da ita, da ke nan kusa cikin Legas, a wannan daƙiƙar kawai. Wasan kuma ba lallai daga nan yake fitowa ba, wani sai ya biyo wayar ƙarƙashin teku daga Turai. Ka tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da WACS da SAT-3 da ACE suka samu matsala wajen gaɓar Kwaddibuwa, kowa ya ji a jikinsa har bankuna, alhali rawutarka, wato na'urar da ke raba maka intanet, lafiyarta lau fitilunta duk kore.

Kuma gudun ma ba shi ne komai ba. Netflix da kansu 5 Mbps suka ce ya isa hoton HD. Shi bidiyo gutsi-gutsi ake turo shi na 'yan daƙiƙu, in gutsure ɗaya ya makara ko ya ɓace a hanya sai manhajar ta rage kyawun hoto da kanta, fuskar ɗan wasa ta dagule ka kasa karanta lambar rigarsa, ko wannan da'irar ta hau juyi, kuma gwajin daƙiƙa 15 ba zai taɓa kama wannan ba. Ga jinkiri kuma, maƙwabcinka mai dish ya yi ihun gol kai a wajenka ba a ma buga kwanar ba. Wannan ba ya fitowa a kowace lamba.

Sai lokaci. Gwaji da hantsi ranar Talata kamar ka bi gadar Third Mainland ne da asubar Lahadi ka ce ai babu gosulo a Legas. Ranar Asabar da yamma kowa a unguwa yana kan turken sabis ɗaya da kai, ga waifai na maƙwabta sun cika gidan haya suna ture juna, ga rawuta ta yi zafi a kan silin, NEPA ta ɗauke a juya zuwa janareto rawutar ta mutu ta sake tashi.

Shi ya sa ba zan sa hannu kan garanti ba Alhaji, don rabin hanyar ba a hannuna take ba. Abin da zan iya, in zo ranar babban wasa in zauna minti 90 cif, in ja waya daga rawuta zuwa talabijin maimakon waifai, in ƙirga sau nawa ya tsaya da tsawon tsayuwar, mu gwada layi biyu na kamfani daban-daban. Kuma dan Allah kar ka cire dish ɗinka tukuna.