Godiya ga shagon gyaran ƙarfe na Tsohuwar Panteka da ya tayar mini da bayis

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Maigida, mai shagon walda da injin sassaƙa ƙarfe a Tsohuwar Panteka, Kaduna, tare da yaran shago baki ɗaya.

Ranar da na zo karɓar kayana na ce maka zan rubuta godiya inda jama'a za su gani. Ka yi dariya, ka ce in dai sai na rubuta to in bar sunanka a aljihuna, wai kai ba takara kake yi ba. Na bi maganarka. Amma godiyar kam ba fashi, yaba kyauta tukwici.

Ga waɗanda ba su san mafarin zancen ba: tun da na yi ritaya na mai da garejin gidana ɗan wurin aiki. Mota an daɗe da sayar da ita, abin da ya rage sai benci, da akwatin sifanu, da kekunan jikoki waɗanda kullum sai ka tarar da ɗaya a kwance. Abin da na rasa shi ne bayis, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ake ɗaurewa a kan benci, a murɗa hannunsa ya damƙe abin da za a yanka ko a goge. Duk wanda ya taɓa take bututu da ƙafa yana yanka shi da zarto, bututun na zillewa, ya san abin da nake nufi. Na taɓa sayen sabo mai ƙyalli, bai yi wata huɗu ba bakinsa ya ɓalle ina cikin lanƙwasa ɗan rodi.

Wata Asabar ina ratsawa ta wajen 'yan gwangwan na hango wani a cikin tarin ƙarafan da ke jiran sikeli. Tsatsa ta cinye shi, ya yi ja kamar tubalin ƙasa. Na kankare gefensa da makulli, sai ga rubutu: Record, lamba 3, ƙirar Ingila. Mai gwangwan ya ce daga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri da suka rufe ya fito, ni kuwa ban yi musu ba, domin masaƙar farko a can a 1957 ta fara aiki, kuma da hannun wani kamfanin Ingila aka kafa ta. Kamfanin da ya ƙera irin wannan bayis, C. & J. Hampton, a birnin Shefild ya tashi a 1898, garin da ya yi suna a duniya wajen ƙarfe. Muka yi ciniki a kan nauyi, kamar kowane ƙarfen banza, na ɗora shi a Keke Napep zuwa gida ina murna.

A nan ne na yi ɓarnar da daga baya na kawo maka. Hannun ya ƙi motsi. Na zuba kananzir, na jira kwana ɗaya, haƙurina ya ƙare, na zura dogon bututu a hannun na ɗora masa nauyina. Hannun ya lanƙwashe kamar ƙahon rago, bayis ko gezau. Na koma kan ƙananan sukurorin da ke riƙe da faifan bakinsa, ɗaya ya karye a ciki, ɗaya kuma da ya fita na maye gurbinsa da wani na kasuwa, na danna shi da ƙarfin tsiya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ka kai wa masu abin mana." Na kai.

Maigida, na zo maka da shawarata a shirye. Na ce ka sassaƙa mini sabon dogon sukurun ciki, ka ɗinke duk inda ya kamata da walda, nawa ne in biya. Da wani ne, da ya faɗi kuɗi ya karɓa, tunda ni da bakina na nema. Kai kuwa ka juya bayis ɗin, ka leƙa ƙarƙashinsa, ka ce, "Baba, kada mu yanke wa mara lafiya ƙafa ba mu duba shi ba. Bar shi ya sha mai tukuna." Yaronka ya nutsar da shi a rabin durom na man dizal, kwana huɗu yana ciki. Da kuka ɗumama shi kaɗan kuka rinƙa bubbuga shi da guntun katako, ba da guduma kai tsaye ba, sai ya saki. Sukurun da na zo in biya a sake, da aka wanke shi da burushin waya, haƙoransa ras, kamar jiya aka yanka su. Abin da ya lalace a ciki ɗan sifirin ne da wani ɗan fil da ke sa bakin ya biyo baya idan an kwance. Kuɗinsu bai kai na kwanon shinkafa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kiran da ka yi mini washegari. Ka ce in zo in ga wani abu da idona. Na tarar an wanke gindin bayis ɗin tas. Ka shafa masa kananzir a wajen kunnen da ake zura kusar ɗaurewa, ka goge ya bushe, sannan ka sa yaro ya daka alli ya barbaɗa. Muka zauna muna hira kamar minti goma. Can sai ga wani ɗan layi siriri, kamar gashi, ya fito baƙi a cikin farin allin: kananzir ɗin da ya shige cikin tsaga ne yake dawowa waje. Ni da tabarau a fuskata ban ga tsagar nan ba sai da alli ya tona ta. Da ka shafe ta da fenti ka miƙo mini, da sai ranar da kunnen ya ɓalle zan sani, kuma da kaina zan zarga.

Ka bayyana mini cewa jikin bayis ƙarfen zubi ne, mai tauri amma mara juriyar lanƙwasa, kuma idan aka ɗora masa waldar lantarki da sandar walda ta yau da kullum yana sanyi, sai ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Saboda haka ka huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ka gurza bakinta ya buɗe, kuka gasa gindin a kan gawayi, ka cike ta da tagulla da wutar gas, sannan kuka binne shi a cikin toka ya kwana yana hucewa a hankali. Na tambayi yaronka ko ba za a zuba ruwa a huta ba, ya dube ni kamar na ce a zuba wa jariri ƙanƙara.

Sai batun sukurun da na danna da ƙarfi. A wurinka na fara jin dalilin da ya sa ya ƙi shiga. Tsofaffin kayan Ingila awon inci gare su, irin wanda ake kira Whitworth, da sunan injiniyan da ya fito da tsarin a 1841. Kusurwar haƙoransa digiri 55 ce, ta awon milimita da ya cika kasuwa yanzu kuwa 60, tazarar haƙoran ma ba ɗaya ba. A ido sai ka rantse ɗaya ne. Ka fitar da karyayyen, ka gyara ramin da na ɓata, sannan ka jawo wani tsohon gwangwanin madara cike da sukurori da notoci da ka ce kana tarawa tun kana yaron shago. Ƙaramin yaronka ya zazzage su a kan buhu yana tsinta ɗaya bayan ɗaya har ya samo huɗu da suka dace. Ban ga kuɗinsu a lissafi ba. Da na yi magana ka ce ai sun gaji da zaman gwangwani.

Ba zan ɓoye ba, kwana uku da ka ce mini sun zama tara, akwai ranar da na zo na tarar babu wuta, ga kuma ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna sun cika maka shago da ayyukansu na kammala karatu. Na ɗan yi ƙorafi a zuci. Da na ga aikin, ƙorafin ya bi ruwa. Sabon hannu miƙaƙƙe, shuɗin fenti irin nasa na asali, wurin da bakin ke zamewa kuma ka bar shi ba fenti, sai ɗan mai. Da yatsa ɗaya ake murɗa shi yanzu, kuma yana damƙe takardar rubutu guda ba ta zamewa.

Na ɗaure shi yadda ka ce: a saman ƙafar benci, bakin baya ya ɗan wuce gefen katako don dogon abu ya samu saukowa ƙasa, tsayinsa daidai gwiwar hannuna. Na lanƙwasa guntayen alminiyom biyu ina rufa wa bakin idan abin da zan kama mai laushi ne. Giris kaɗan nake sawa, tunda ka ce ƙurar hunturu da giris idan sun haɗu gurza ƙarfe suke yi. Bututun nan kuwa da ya jawo mini abin kunya, uwargida ta mai da shi madogarar igiyar shanya.

Aikin farko da na yi a kansa feda ce ta keken jikata, wadda ta shekara tana jira. Allah Ya saka maka da alheri, Ya albarkaci shagon, Ya yaye yaranka lafiya. Ka gaya wa ƙaramin nan mai tsintar sukurori cewa shayi da biredin da na yi masa alkawari suna nan, ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan shigo, kuma zan taho da wani tsohon jak na mota da ya daina ɗagawa.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan fansho daga Unguwar Sanusi, Kaduna