Suga Ba Hawa Kaɗai Yake Yi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi wani kuka da na daɗe ina haɗiyewa. Sana'ata gyaran famfo, a Tudun Wadar Kaduna nake, kuma ban saba rubuta wa jarida ba. In ka ga zancen ya yi gaba ya yi baya, ka yi haƙuri ka daidaita shi.

Duk wanda ka ce wa "suga" a garin nan, hawa yake ji. Dattijon da aka hana shayi mai zaƙi da tuwon shinkafa, shi ne mai suga. Ni ma iyakar sanina ke nan, har Allah Ya ba ni 'ya mace shekara biyu da 'yan watanni da suka wuce, wadda nata sugan faɗuwa yake yi. Sunan mahaifiyata aka sa mata, muna kiran ta Ummi.

Ta zo duniya da nauyin kilo 4.3. Masu barka suna ta cewa wannan ai da ƙoshinta ta zo. Awa shida da haihuwa aka sallame su. Rana ta biyu ba ta kama nono da ƙarfi, jikinta sake-sake, tana gumi ba zafi ake ba, 'yan yatsunta na karkarwa. A dare na uku ta sandare, ido ya juye, leɓe ya yi duhu. Hajiya, mahaifiyata, ta ce iska ce, don an ratsa tsakar gida da ita da magariba. Aka kawo garwashi, aka zuba turare, aka yi tofi. Ban taɓa ganin laifin Hajiya ba, da abin da ta sani ta yi yaƙi. Wanda har yau nake jin ɗacinsa shi ne ƙaramin asibitin kuɗin da muka koma da asuba. Suna da na'urar auna suga a kan tebur, amma 'yar takardar da ake ɗiga jinin a kai ta ƙare musu. Suka ce ƙwayar cuta ce ta shiga ta cibiya, suka yi allura, suka karɓi kuɗi.

Sai da la'asar, a babban asibiti, wata nas ta tsaga dunduniyar yarinyar ta ɗiga jini. Na'ura ta nuna 1.1. Ban san ma'anar lambar ba, amma na ga yadda nas ɗin ta saki biro ta ruga. Daga baya aka gaya mini jariri sabon haihuwa in ya yi ƙasa da 2.6 an shiga haɗari. Gwajin bai ɗauki minti ɗaya ba, Edita. Kwana guda da rabi muka yi muna zagaye kafin a yi shi.

Aka ɗaura mata ruwan gulukos, ta farfaɗo. To amma da zarar an rage gudun ruwan sai ta sake faɗuwa. Jariri lafiyayye miligiram 4 zuwa 6 na gulukos yake bukata a kowane kilo na nauyinsa cikin minti ɗaya, ita kuwa ninkin haka ma bai riƙe ta ba. Ranar suna a masallaci aka raɗa, aka yanka rago, mai jego da jaririya suna can ɗakin jarirai. Ban iya cin naman ba.

Likitar yaran da ta gano ciwon ta jira har sugan ya faɗi, a daidai lokacin ta ɗebi jini ta aika gwaji. Da sakamako ya dawo ta zaunar da ni ta ce, "Baban Ummi, mene ne sana'arka?" Na gaya mata. Ta ce, "To ka san ƙwallon nan na cikin tanki, mai tsayar da ruwa in tanki ya cika? In ya maƙale fa?" Na ce ruwa zai yi ta ambaliya har a kashe inji. Ta ce to haka cikin 'yarka yake.

Ga yadda na fahimta. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ake kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da hanta. In mutum ya ci abinci sai a sako shi, in suga ya yi ƙasa sai a tsayar. Na Ummi ba ya tsayawa. Abin da ya fi muni, insulin ɗin nan yana hana hanta sakin sugan da ta ajiye, yana kuma hana kitse narkewa ya zama abincin ko-ta-kwana da ƙwaƙwalwa ke komawa kai lokacin yunwa. Wato an rufe wa ƙwaƙwalwa babban layi, an kuma kulle rijiyar bayan gida. Shi ya sa ake jijjiga, kuma in aka daɗe a haka ɓarnar ba ta gyaruwa: yaro ya tashi da farfaɗiya, ko ya kasa magana, ko ya kasa karatu. Tun daga ranar, duk yaron da na gani ana cewa aljanu sun taɓa shi tun yana zanen goyo, sai gabana ya faɗi.

Wani irin ciwon nan na ɗan lokaci ne, kamar na jaririn da uwarsa ke da ciwon suga, ko wanda ya sha wuya wajen haihuwa, ko ya zo a tsamure. Wannan yakan wuce cikin kwanaki ko watanni. Wani kuma na gado ne. A yawancin ƙasashe ana lissafin jariri 1 cikin kusan 50,000, amma a wasu yankunan Saudiyya inda auren zumunci ya yi yawa an samu har 1 cikin 2,500. Ni da maiɗakina 'ya'yan wa da ƙanwa ne. Ban kawo wannan don in soki auren zumunci ba, a cikinsa aka haife ni, a cikinsa na haifa. Na kawo ne don duk mai ido ya san irin auren da muke yi a Arewa, sannan ya tambayi kansa ko ciwon nan yana da ƙarancin da ake zato a wurinmu, ko kuwa dai binne yaran ake yi ba a auna ba.

Yanzu ga inda kukana yake. Ciwon yana da magani, sunansa dayazoksaid. Ba sabo ba ne. Asali don hawan jini aka yi shi, sai likitoci suka lura yana tada sugan masu sha, tun shekarun 1960 aka juya wannan aibin nasa ya zama amfani. A jikin ƙwayoyin da ke yin insulin akwai wata 'yar ƙofa da gishirin fotasiyam ke fita ta ciki. Muddin tana buɗe, insulin ba ya fita, in ta rufe sai ya ɓalle. Maganin nan riƙe ta yake yi a buɗe. Ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 5 zuwa 15 a kowane kilo a yini, a raba sau uku. Akan gwada shi kamar kwana biyar a ga ko zai karɓi yaro, don wanda ƙofar tasa ta lalace gaba ɗaya maganin ba shi da abin riƙewa. Irin waɗannan sai a koma allurar oktiriyotaid, ko a yi tiyata a yanke ɓangaren fankiriyas da ke ɓarnar, wani lokaci ma kusan dukkanta. Mu Allah Ya sa ya karɓi Ummi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maganin cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata ƙasa ta tanada.

Da takardar likita a hannu na bi manyan kantunan magani na titin Ahmadu Bello ɗaya bayan ɗaya. Na je Kawo, na je Barnawa, na hau mota zuwa Zariya, na aika Kano, na sa wani abokin sana'a ya duba mini a Legas. Babu. A wani kemis yaron kanti ya duba takardar, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini dayazefam, maganin sa barci, don farkon sunayen sun yi kama. Da ban koma na nuna wa nas ba, da na ɗura wa jaririya 'yar kwana goma sha biyu abin da zai kwantar da ita ta yi shiru alhali sugan na cin ƙwaƙwalwarta. Ƙarshe dai wani ɗan'uwa da ya raka mara lafiya Indiya shi ya zo mana da shi. Sati uku yarinyar tana maƙale da ruwa a hannu, an huda jijiya har an rasa wurin hudawa, ana jiran jirgi ya sauka.

Akwai na ruwa mai suna Proglycem, miligiram 50 a kowace mililita, wanda shi ne ya dace da jarirai. Sau ɗaya na taɓa riƙe kwalbarsa, kuɗinta ya fi abin da nake samu a wata mai kyau. Na ƙwaya muke samu, wani mai haɗa magani, Allah Ya saka masa, shi ke niƙa mana ya rarraba daidai awo. Ƙarfe shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Ko ina kan rufin wani ina ɗaura tanki, biyu na yi sai na kira gida.

Maganin ba alewa ba ne, kada wani ya karanta wannan ya je nema da kansa. Yana tara ruwa a jiki, shi ya sa ake haɗa shi da maganin sa fitsari. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yana iya jawo hawan jini a jijiyoyin huhun jarirai, don haka sai da aka yi wa Ummi hoton zuciya kafin a fara, aka kuma ce in numfashinta ya canza mu taho ko tsakar dare ne. Amma abin da ya fi ba mu wuya a gida gashi ne. Wata biyu da farawa gashi ya tsiro mata a goshi, a gadon baya, a dantse, gira ta haɗe. Maiɗakina ta daina zuwa biki da ita saboda kallo da tambaya. Wata maƙwabciya ta ce wannan maganin Turawa zai mai da yarinya biri. Hajiya ta kira ni ɗaki ta ce, "Kai, 'ya mace ce fa. Wa zai aure ta a haka?" Na ce, "Hajiya, gashi yana zubewa in an daina maganin, likita ta tabbatar mini. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta tohowa." Ta yi shiru. Yanzu ita ce ke fara tuna mana ƙarfe goma ta yi.

Kada a ɗauka zancen jarirai ne kawai. Maƙwabcinmu tsoho mai shan Daonil, ƙwayar rage suga, ya yanke jiki ya faɗi bayan la'asar a azumin bara, yana gumi yana surutai, mutane na cewa shanyewar ɓarin jiki ce. Na ɗauko na'urar Ummi na auna shi, 2.3. Ƙwayar tasa rufe ƙofar nan take yi, wadda maganin 'yata ke buɗewa, shi kuma ya sha da sahur bai ci abin kirki ba. Tunda yana iya haɗiya, cokali uku na sukari a ruwa suka dawo da shi, aka wuce da shi asibiti, don irin wannan ƙwayar tana daɗewa a jiki kuma sugan kan sake faɗuwa. Allurar kwinin ta zazzaɓin cizon sauro ma tana tunzura insulin, musamman ga mai ciki. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, sai allurar gulukagon mai tada suga ko ruwan gulukos ta jijiya. Jaririn da bai shekara ba kuma ba a ba shi zuma, ko da kaka ta rantse da ita aka rene ku.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ga yoyon. Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma an yi ta shelar cibiyar lafiya a kowace mazaɓa. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta sa ya zama doka: ɗakin haihuwa, na gwamnati ko na kuɗi, ba ya aiki sai da na'urar auna suga da takardunta, kuma jaririn da ya zo ƙato, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, a tsaga dunduniyarsa kafin a yi masa kowace allura. Jihar da jirage marasa matuƙi ke tashi daga Pambeguwa suna kai magani ƙauyuka ba za ta gaza wannan ba.

Dayazoksaid kuwa ba tirela muke nema ba. Na san dalilin da ya sa 'yan kasuwa ba sa kawo shi: masu saye kaɗan ne, zai lalace a kanta. To abin da kasuwa ba za ta ɗauka ba ai shi ne aikin hukuma. Hukumar da ke sayo wa asibitocin jiha magani ta ajiye 'yan kwalabe a asibitin koyarwa na Barau Dikko, inda likitan Kafanchan ko Birnin Gwari zai buga waya a aika masa. NAFDAC ta sauƙaƙa hanyar shigo da shi. KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, ta sa shi cikin abin da inshora ke biya, tunda dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu na musamman don marasa ƙarfi, kuma ban san wanda ya fi jaririn kwana uku rashin ƙarfi ba.

Ummi tana tafiya yanzu, tana kiran "Baba", ko da yake maganarta ta yi jinkiri, kuma likita na bin abin a hankali. Kullum ina tambayar kaina ko kwana guda da rabin nan ne. An ce wasu yaran ciwon na sassauta musu da girma har a yaye su daga maganin, muna roƙon Allah Ya sa tana ciki. Yau da safe na zazzage gwangwanin na ƙirga, saura na kwana 19. Mutumin da zai taho mana da na gaba har yanzu bizarsa ba ta fito ba.

Wassalam.

Naka,
Baban Ummi,
Tudun Wada, Kaduna.