Wasiƙar Iyaye: Kafin a Biya Kuɗin Sake Zaman WASSCE

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu da masu riƙon ɗalibai na Aboabo, Asawase, Sabon Zongo da kewaye.

Tun da sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, tambayar da ta fi yawa a ofishin ba da shawara ita ce: yaro ya sake zama ko ya haƙura da abin da ya samu? Amsarmu ba ɗaya ba ce ga kowa. Amma muna roƙon kada a biya ko sidi ɗaya sai an zauna da takardar sakamako da biro an yi lissafi.

Yadda jami'a take karanta sakamako

WAEC tana ba da maki daga A1 zuwa F9. Don karatun digiri ana neman A1 zuwa C6 a darussa 6: uku na dole, uku na zaɓi. Na dolen su ne Turanci, lissafi, sai kimiyya ko soshiyal. D7 da E8 sunansu ci a kan takarda, amma ba sa buɗe ƙofar digiri, haka ma kwalejin horon malamai da ta jinya. Ana tara lambobin da ke jikin makin, A1 ɗaya, B2 biyu, har C6 shida, kuma ƙaramar jimilla ita ce mai kyau. 6 ce ƙololuwa, 36 ce iyakar ƙarshe.

Ga misali. Yarinya ta samu B3 a Turanci, D7 a lissafi, C4 a kimiyya, B2 a soshiyal, darussan zaɓinta uku mafi kyau kuma B2, B3 da C4. Sakamako ne mai kyau, amma D7 ɗin nan ɗaya ta tsare hanya. Idan ta sake lissafi kaɗai ta samu C5, jimillarta ta zama 19 in an ƙirga da soshiyal, 21 in an ƙirga da kimiyya. Wannan bambanci yana da muhimmanci: Jami'ar Ghana da ke Legon tana ƙirga soshiyal ga wanda ba kwas ɗin kimiyya yake nema ba, KNUST kuwa, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, kimiyya take nema a yawancin kwasa-kwasanta. Don haka a fara tsayar da makaranta da kwas tukuna, sannan a san darasin da za a sake. Irin wannan yarinya ta sake zama, babu wani dogon tunani.

Wanda ya ci duka shidan amma jimillarsa ta kai 30 ko fiye, maganarsa daban ce. Ya cika sharaɗi, sai dai cika sharaɗi ba shi ne samun gurbi ba, domin kowane kwas yana da jimillar da ake yankewa a kanta, kuma tana motsi shekara zuwa shekara. A duba ta bara ta kwas ɗin da yake so. Idan tazarar maki 2 ce ko 3, ɗaga darasi ɗaya daga C6 zuwa B3 ya wadatar. Idan tazarar ta kai 10, ana maganar sake darussa huɗu ko biyar ke nan, kuma gara a dubi wani kwas ko wata makaranta.

Waɗanda suka fi ba mu tausayi su ne masu jimilla 12 ko 14 da aka ɗora wa burin likitanci. A KNUST da Legon likitanci ƙasa da 10 ake yanke shi, wato kusan kowane darasi sai A1. Yaro mai 13 yana da kwasa-kwasai masu daraja da za su karɓe shi bana. A tambaye shi a keɓe, ba a gaban baffanni da gwaggwanni ba, ko burin nasa ne.

Abin da ya bambanta zama na biyu

Wanda ya gama makaranta yana sake zama ne a matsayin mai zaman kansa, abin da aka fi sani da Nobdek (Nuwamba/Disamba), can ƙarshen shekara. Tun 2025 WAEC ta ƙara wani zama a Janairu da Fabrairu, mai suna PC1. Kuɗin rajista a wuyan gida yake, domin tsarin sakandare kyauta bai haɗa da shi ba, kuma yana ƙaruwa da yawan darussa. Sakamakon Nobdek sai sabuwar shekara yake fitowa, saboda haka a sa a rai cewa shekara guda ce za a bayar.

Abu biyu iyaye ba su cika sani ba. A zaman makaranta kashi 30 cikin 100 na maki daga aikin aji yake zuwa, kashi 70 daga jarrabawa. Mai zaman kansa ba shi da wannan tallafi, abin da ya rubuta ranar shi ne nasa. Na biyu, ɗaliban kimiyya ba sa shiga ɗakin gwaji, takarda ce ake ba su a madadinsa, ta karanta awo daga zane da zana jadawali, kuma tana da salonta da sai an koya. Masu adabin Turanci su tabbatar da littattafan da ake kai, don ana canza su duk bayan shekara 5.

Sake zama ba ya goge tsohon sakamako. Jami'o'i suna karɓar haɗin sakamakon zama biyu, a ɗauki mafi kyau a kowane darasi. Saboda haka babu dalilin sake rubuta darussa takwas. Ɗaya, biyu, in ya yi yawa uku.

Me ya kayar da shi?

Nan ne aka fi yin kuskure. Yaron da zazzaɓi ya kwantar a makon jarrabawa, ko aka yi rasuwa a gida, zama na biyu yakan gyara masa. Amma wanda tun aji ɗaya bai gane lissafi ba, in ya koma da kan da ya fito da shi, D7 ɗin zai sake ɗaukowa. A karɓo tambayoyin shekarun baya, a sa masa agogo. Takardar lissafi ta farko tambaya 50 ce a awa ɗaya da rabi. Ta biyu awa biyu da rabi ce, a amsa 10 cikin 13, biyar na farko dole. Malami ya duba masa. Idan bai gama ba, matsalar sauri ce. Idan ya gama amma ya tsallake matakai, maki ne yake zubarwa a banza, domin ana ba da maki a kan hanyar aiki, ba amsa kaɗai ba. Idan ya bar shafi fari, sai an koma tushe, kuma wannan ba aikin wata biyu ba ne. A Turanci yaranmu sun fi zubewa a taƙaita rubutu, inda suke kwafe jimlolin nassi yadda suke, da kuma jarrabawar sauraro. WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu, yana bayyana irin waɗannan kurakurai darasi bayan darasi.

Sai maganar lokaci. Yaron da zai wuni a shagon kasuwar Kejetia ko gareji a Suwame Magazin daga safe har magariba ba zai yi karatu ba, komai kyan niyyarsa. In an yanke shawarar sake zama, gida ya sakar masa aƙalla awa uku kullum, bayan asuba ta fi albarka. 'Yan mata a rage musu aikin gida da talla a wannan tsakani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantar remediyal kuma, wato ta bita ga masu sake zama, kafin a biya, a je a ga yawan ɗalibai a aji, a tambaya ko ana duba aikin kowane yaro. Duk wadda ta yi alkawarin apo, wato satar tambayoyi kafin jarrabawa, ko taimako a ɗakin jarrabawa, a guje ta. Waya kaɗai in aka kama a jikin ɗalibi, ana soke masa sakamakon gaba ɗaya.

Wanda ba zai sake ba, hanya ba ta ƙare masa ba. Wasu kwasa-kwasan HND a jami'o'in fasaha, irin ta nan Kumasi, suna karɓar D7 a wasu darussa, a karanta sharuɗɗan shekarar da kyau. Wanda ya kai shekara 25 kuma yana iya neman jami'a ta ƙofar manya, da jarrabawar shiga.

Wajen rajista

Ana yin ta ta intanet, da hoto da ɗaukar zanen yatsa, don haka ɗalibi ya je da kansa. Suna da ranar haihuwa su zo daidai da na sakamakon farko da na katin Ghana, harafi da harafi. Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ya isa ya tsayar da haɗa sakamako. A karanta takardar da aka buga kafin a bar shagon da aka yi rajistar.

Wanda yake ganin an tauye shi a maki, ana iya neman a sake duba takardarsa ta hannun makaranta, da kuɗi, kuma wa'adin gajere ne. Wanda aka riƙe sakamakonsa ya fara zuwa wurinmu kafin ya yi wata rajista.

Mai zuwa ofis ya zo tare da ɗalibin, da takardar sakamako, da sunan kwas uku da yake so.

Wassalam,
Ofishin Ba da Shawara ga Ɗalibai