Rahoton Kwamitin Gyaran Tashar 'Yan Kwana-kwana: Ga Inda Kuɗinku Suka Shiga

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwanmu da kuka ba da gudummawa.

Tun da motoci suka koma cikin tashar bayan gyara, tambaya ɗaya ke ta dawo mana, a wurin taro da ta waya: ina kuɗin da aka tara? Duk wanda ya sa guminsa a wannan aiki yana da hakkin ya tambaya. Sai dai mun ji har ana cewa wai an ci rabi an shafa fenti da sauran, wannan kam ba za mu yi shiru a kansa ba. Littafin shige da fice, da rasit na kowane buhun siminti, da takardun kwangila suna hannun ma'ajin kwamiti, an kuma liƙa jimillarsu a allon sanarwa na tashar. Mai binciken kuɗi, wanda ba ya cikin kwamiti, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa hannu. Abin da ya rage mana a nan shi ne mu faɗi dalilin kowace shawara.

An gina tashar ne lokacin da unguwannin bayan gari ba su kai rabin yadda suke yanzu ba. Hukumar birni ke biyan albashi da mai da gyaran motoci, ta kuma ba da nata kason na aikin. Cikon daga aljihunku ya fito. An ɗora mana abu huɗu: rufi, wayoyin lantarki, manyan ƙofofin da motoci ke fita, da ɗakunan kwanan ma'aikata. Mun karɓi farashi daga 'yan kwangila daban-daban, muka ɗauki na tsakiya saboda ya taɓa yin irin wannan gini. An gama rufi da wayoyi cikin kasafi, babu abin cewa a kansu.

Matsalar ta fito ne ranar da ake kafa sabbin ƙofofi. Mai aikin ya lura ƙasan ƙofar tsakiya ba ya zama daidai da daɓe, gefe ɗaya ya lotsa. Ya ɗauki guduma yana ƙwanƙwasa daɓen taki-taki, da ya iso kusa da magudanar tsakiya sai sautin ya canza, ya zama na wuri mai rami. Muka kira injiniya ya huda. Abin da muka gani da idonmu: kankare a sama, ƙarƙashinsa babu komai, mutum na zura hannu har gwiwar hannu bai taɓa ƙasa ba. Tsohon bututun da ke kwashe ruwan wankin motoci ya fashe tun ba a san yaushe ba, ruwan yana ta zaizaye cikon yana tafiya da shi. Rodin da ke ciki ya ci tsatsa har yana ɓarewa a hannu.

Wasu sun ce da mun ɗura siminti a ramin mun toshe, mun wuce. Mun duba wannan shawara sosai, domin ita ce mai sauƙi, kuma da mun bi ta da yau ɗakunan kwana sun kammala. Injiniya ya ƙi sa hannu a kanta, mu ma da muka ji lissafinsa ba mu ga ta inda za mu musa ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Motar da ke ɗauke da lita 3,000 tana da tan 3 na ruwa kaɗai, kafin a ƙirga famfo, da tsani, da mesa, da kayan yanka ƙarfe, da mutane, da ita kanta motar. Idan ta cika tana wuce tan 10 nesa ba kusa ba, kuma duk wannan nauyi kan 'yan tayoyi yake sauka, a wuri ɗaya, kowace rana. Ba wanda zai iya ce maka iyakar ramin nan ke nan sai an buɗe. Da aka fasa kuwa, an tarar ya miƙe har ƙarƙashin inda mota ta biyu ke tsayawa.

Saboda haka aka fasa daɓen gaba ɗaya, aka sa sabon bututu tare da ramin da ke tace mai da giris kafin ruwa ya fita, aka zuba ciko ana dannewa da inji hawa-hawa, aka shimfiɗa sabon rodi, aka zuba kankare mai kauri. Sannan aka jira. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna masa, ba kuma yadda za a yi a roƙe shi ya yi sauri. Duk tsawon lokacin motoci suna ƙarƙashin rumfar wucin gadi, da mai gadi, da fitilu, da wayar da ke cajin baturansu, kowanne da kuɗinsa. Nan kaso mafi tsoka na gudummawarku ya shiga. Ba a ganinsa domin yana ƙarƙashin taya.

Ga mai ganin mun zafafa, ya dubi yadda ake auna wannan aiki. Ƙa'idar NFPA 1710, ta ƙungiyar kare gobara ta Amurka wadda tashoshi da yawa ke auna kansu da ita, ta ce daga jin ƙararrawa zuwa fitar mota kada a wuce daƙiƙa 80, mota ta farko kuma ta isa wurin cikin minti 4 na tafiya. Ba don ƙawa aka matse lokacin haka ba. Gwajin da cibiyar UL, mai gwada amincin kayayyaki a Amurka, ta yi ya nuna ɗaki mai kujeru da katifun soso da roba na zamani yana kamawa baki ɗaya cikin ƙasa da minti 5, alhali mai kayan da, na katako da auduga, yakan kai kusan rabin awa. Ranar da taya ta faɗa rami a bakin ƙofa, ko ƙofa ta cije saboda daɓe ya karkace, gidan wani ne zai biya.

Sai abu na biyu, wanda ya fi jawo surutu: na'urar zuƙe hayaƙi da injin wankin kayan aiki. Ba sa cikin jerin farko, mun sani. A cikin kwamitin ma an yi ja-in-ja mai zafi, wani dattijonmu ya tsaya kai da fata cewa gado da banɗaki sun fi su gaggawa, kuma maganarsa tana da nauyi. Ƙuri'a ce ta raba, an rubuta sakamakon a littafin zama.

Ga abin da ya rinjaye mu. Mutane na ɗauka motar kwana-kwana sai gobara take tashi. A zahiri ita ke zuwa hatsarin mota a yanka ƙarfe a ciro mutum, ita ke zuwa idan gas ya tsiyaya, ko ruwa ya ci gida, ko wani ya faɗi numfashi ya tsaya. Ita ke kai ma'aikata duba gine-gine da koyar da yara a makarantu. Ban da haka ana tayar da injin kowace safiya don gwaji. Kowane tashi a cikin ɗaki ake yinsa. Da muka cire allon da ke bangon baya don a yi fenti, inda ya rufe fari ne tas, sauran bangon baƙi ƙirin, ka shafa da yatsa ya fito da maiƙo. A jikin bangon nan ake rataye hulunan kwano, ƙofar kicin kuma taku kaɗan ce daga wurin. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, da ke birnin Lyon na Faransa, ta sa hayaƙin injin dizal cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa tun 2012. A 2022 ta sa shi kansa aikin kashe gobara a wannan rukuni, ta ambaci kansar mafitsara da wata da ke kama fatar da ta lulluɓe huhu. Na'urar da muka saya mesa ce da ake maƙalawa a bakin salansa, tana bin mota a kan dogon ƙarfe har bakin ƙofa, sai ta saki da kanta, hayaƙin kuma ya fita ta saman rufi.

Rigar kashe gobara hawa uku ce: na waje mai jure wuta, na tsakiya mai hana ruwa, na ciki mai tare zafi. Tana shan toka da dafin duk abin da ya ƙone, injin wanki na gida kuma ba ya fitar da su yadda ya kamata, yana ma iya lalata hawan tsakiya. Kafin yanzu wasu daga cikin ma'aikata kan kai ta gida, a wanke a inda ake wanke kayan 'ya'yansu. Bayan mun ji wannan daga bakinsu, ba mu iya kau da kai ba. An sanya daɓe da iskar da suke shaƙa a gaba domin sai an sake fasa gini kafin a gyara su daga baya. Ɗaki kuwa ana iya ƙara shi ko yaushe.

Godiyarmu ba ta da iyaka ga injiniyan da ya yi awo da zane da sa ido bai karɓi ko sisi ba, yana zuwa tun da asuba ranar zuba kankare. Haka ga baiwar Allah da ta ba da gudummawa mafi girma ta kuma roƙe mu kada mu faɗi sunanta. Mijinta marigayi a wannan tasha ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma da kuɗinta aka ɗauki nauyin na'urar hayaƙi kusan gaba ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya saka mata da mafificin alheri. Mai filin da ya ba mu aron wurin ajiye motoci, ƙungiyar iyayen yara da ta bi gida-gida, da su kansu ma'aikatan da suka riƙa kwasar ɓaraguzai a ranakun hutunsu, Allah ya biya ku. Wanda ya kawo kaɗan, sunansa na cikin littafi daidai da na kowa.

Amma aiki bai ƙare ba. Har yanzu masu aikin dare a ɗaki ɗaya suke kwana, mata daga cikinsu ba su da banɗaki nasu. An ɗaga bangon sabbin ɗakuna zuwa linta, an tsaya. Sannan tashar ba ta da injin cika tukwanen iskar da suke goyawa su shiga hayaƙi. Tukunyar da aka rubuta mata minti 30 ba ta kaiwa haka a bayan mutumin da ke jan mesa yana hawa bene, in sun ƙare kuma sai an loda su a mota an kai babbar tasha a tsakiyar birni, ana jira a dawo da su.

Muna roƙon duk mai hali ya sake miƙo hannu. Kuɗi, ko siminti, ko tayil, ko kwanon rufi, ko aikin hannu in kai mai gyaran famfo ne ko kafinta ko mai haɗa waya, duk muna so. Ba a karɓar komai sai da rasit mai lamba daga hannun ma'aji, kuma za a riƙa liƙa lissafin wannan zagaye a allo duk ƙarshen wata. Mai sauran shakka ya zo tashar ranar Asabar da safe, gani ya kori ji: hotunan ramin suna nan, guntun tsohon rodin ma mun ajiye, wakilin kwamiti zai zagaya da shi har inda bangon ya tsaya.

Kwamitin Gyaran Tasha