Gaisuwar Babbar Sallah daga Holan

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Da fatan kuɗin rago sun iso a kan lokaci. Mun yi Idi a masallacin Turkawa a Eindhoven. A nan doka ta hana yanka a gida, sai a mayanka, shi ya sa na ce a yi layyata a wajenku.

Baba, ka tuna takalman Bata da kake saya mana in za a koma makaranta? Ashe kusa da inda nake zaune, a garin Best, akwai ƙauye guda da kamfanin ya gina, sunansa Batadorp. Da yammacin Sallah na hau keke na je.

Asalin kamfanin daga garin Zlin ne a ƙasar Cek, inda Tomas Bata ya kafa shi a 1894. A 1934 suka buɗe masana'anta a nan, a bakin hanyar ruwa ta Wilhelmina, don a lokacin fili da araha, ga mutane na neman aiki. Suka gina wa ma'aikata gidaje kusan 130 a gefenta, da makaranta da wurin shan magani da na wasanni. Gidajen na jan bulo ne, rufinsu a shafe kamar soron gidan Kaka, alhali gidajen Holan galibi rufinsu a tsaye yake. Har yau mutane na ciki, ga shuke-shuke a ƙofar kowa. Na manyan kamfani na can gefe, sun fi girma.

Abin ya taɓa ni, domin na san wahalar haya a ƙasar nan. Leburan da ya san iyalinsa na da wurin kwana, aikinsa daban ne. Sai dai gidan na mai masana'anta ne, kuma wanda makwancinsa ke hannun ubangidansa ba ya iya ɗaga murya.

Daga baya aka kwashe yawancin aikin zuwa ƙasashen da ƙwadago ke da arha, kuma a 1978 hukumar garin ta karɓi ƙauyen. Amma an ci gaba da yin takalman kariya na ma'aikata a wurin, irin masu taurin baki da muke sawa a wurin aiki.

Inna, a soya mini nawa kason, a raba wa maƙwabta. A gaida Yaya da yaranta. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Naku,
Auwalu