Wasiƙa daga Minnesota a Amurka: yadda ake jona na'urar danshi da injin ɗumama gida

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da su Baba da Inna. Ka tambayi wane irin aikin wuta ya fi tafiya a nan lokacin sanyi. Ga ɗaya, ka nazarce shi kafin Allah ya kawo ka.

Ka san yadda hunturu ke fasa leɓe da kaushin ƙafa. To haka cikin gida yake a nan daga Disamba zuwa Fabrairu, domin injin ɗumama gida yana gasa iska har ta bushe ƙayau, ka taɓa mariƙin ƙofa ya ja ka. Shi ya sa ake maƙala wa injin wata na'ura, irin su Aprilaire 600, wadda ruwa ke zuba kan soson da ke cikinta, iska mai zafi ta ratsa ta kwashi danshi zuwa ɗakuna. Aikin famfon ba wuya: siririn bututun ruwa mai kwatar inci, bututun iska mai inci 6, da tiyo mai gangara zuwa magudana. A waya ake yin ɓarna.

Ƙa'idar ɗaya ce: kada ruwa ya zubo sai fankar injin tana juyawa. Bawul ɗin ruwan, wato solinoyid, bolt 24 yake ci, alhali wutar gida a nan 120 ce, ba 230 irin tamu ba. Ka fara kashe bireka. Idan ka buɗe murfin injin za ka ga allon wuta da wuraren jona waya masu haruffa R, C, W, Y, G (R ke ba da bolt 24, C ce mayarwa, W kuma tana samun wuta in an nemi ɗumi), sai wasu ƙafafu biyu a gefe, HUM ta na'urar danshi da EAC ta na'urar tace iska. HUM ɗin nan ne tarkon. A wasu injina 24 take bayarwa, a wasu 120, kuma rubutun ƙanana ne. Kada ka yi cinta. Ka mayar da wuta, ka danne makunnin da murfi ke dannewa (in ba haka ba allon ba zai samu wuta ba), ka sa injin ya tashi, ka auna da mita. Wanda ya kai 120 kan solinoyid ya ƙone shi nan take.

Idan 24 ce, an huta: waya mai kauri lamba 18 daga HUM zuwa ma'aunin danshi (abin da ke kunna ruwan in iska ta bushe), daga ma'aunin zuwa solinoyid, ɗayar wayar solinoyid ta koma C. A jere suke, ma'aunin makunni ne kawai. Idan 120 ce, sai ka sa ƙaramar transfomar da ke zuwa a kwalin: baƙar waya a HUM, fara a nutral, sannan ka ɗauki 24 daga ɗaya gefen ka bi jerin nan.

Masu gaggawa kan jona a R da C, ko su sa transfoma a soket. Zai yi aiki, amma ruwa zai yi ta kwarara dare da rana ko injin na kashe, sai takardar kuɗin ruwa ta tona asiri. W da C ya fi dama-dama, sai dai ruwan kan riga fanka farawa, kuma ƙarin kaya ne a kan transfomar injin wadda yawanci 40 VA ce. Ni ban so shi. Tsohon injin da ba shi da HUM ana sa masa rile, wato makunni mai jin wucewar wuta a wayar fanka, amma kan sababbin motocin fanka masu rage gudu da ake kira ECM yakan ƙi kamawa saboda ba sa jan wuta sosai in suna juyawa a hankali. Kuma in R ta taɓa C, ƙaramin fis ɗin allon, mai amp 3 ko 5 irin na mota, zai tafi, gida ya zauna ba ɗumi. Ka riƙa yawo da shi a aljihu.

Ma'aunin danshi a bututun iskar da ke komowa ake kafa shi, aƙalla inci 6 kafin na'urar, don kada ya shaƙi danshinta ya ɗauka gida ya ƙoshi. Saitin kuwa yana bin sanyin waje: kashi 35 cikin ɗari idan ana digiri 7 ƙasa da sifili, kashi 25 a digiri 18 ƙasa da sifili, kashi 15 a digiri 29 ƙasa da sifili. In aka zarce, gilashin taga zai yi gumi, katako ya ruɓe. Wajen gwaji ka murɗa ma'aunin har ƙarshe, ka saurari ƙas ɗin solinoyid, ka duba ruwa a tiyo. Soson ana canza shi sau ɗaya a shekara.

Ka gaishe min da Inna, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Kuɗin makarantar yara na tafe ƙarshen wata, in sha Allahu.

Naka,
Yayanka