Wasiƙar godiya ga wani shagon babura na Sabon Gari, Zariya

Zuwa ga Alhaji mai shagon sayar da babura da gyaransu da ke Sabon Gari, da Baba shugaban kanikawansa, da yaran da ke koyon aiki a hannunsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Na riga na yi muku godiya a bakin shago ranar da aka gama gyaran mashin ɗina, amma mutum biyar ko shida ne suka ji, kuma abin da kuka yi mini ya fi ƙarfin hakan. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Alhaji ya nuna mini ba ya son a ambaci sunansa ko na shagon, ya ce aikinsu suka yi. Na mutunta wannan, amma labarin kam sai na ba da shi.

Ni malamin firamare ne. Ina zaune a Tudun Wada, makarantar da nake koyarwa kuma tana wani ƙauye gaba da Shika, a kan hanyar Giwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota zuwa da dawowa ya riƙa lashe albashina tun wata bai raba ba. Sai muka haɗa adashi da abokan aiki. Da kwasata ta zo, na sayar da ragon da nake kiwo, uwargida ta ƙara mini da abin da take tarawa, na zo shagonku na fita da sabon mashin a leda. Ranar Alhaji ya miƙo mini rasit da wani ɗan littafi na garanti, ya ja mini kunne kan abu biyu: in kawo mashin sabis na farko idan mita ta nuna kilomita 500, kuma kada in bari kowa ya buɗe injin a waje. Na kawo shi sabis ɗin, aka buga hatimi. Littafin kuwa na jefa shi cikin akwati, domin gaskiya ban ɗauke shi da wani nauyi ba. Mun saba a ƙasar nan, kaya in ya bar shago ya zama naka, kai da sa'arka.

Wata ƙara ta fara fitowa daga mashin ɗin a tsakiyar hunturu, mita tana wajen kilomita 1,800. Ba ta da ƙarfi. Kar-kar-kar, kamar an sa ƙaramin cokali a cikin gwangwanin madara ana girgizawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lokacinta. Da safe in na tayar da mashin, shiru. In tsallake gadar Kubanni, in wuce PZ, in bi ta Kwangila, in wuce Hanwa, duk lafiya lau. Sai na kai wajen Palladan, daidai Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, sai ta taso. Kuma sai ina giya ta huɗu, allura tana tsakanin 45 da 50, musamman in na ɗan sassauta wuta. In na ƙara gudu ta ɓace. In na tsaya a gefen titi na ɗora shi a kan jak na ba shi wuta, ko alamarta babu. A kunnena daga ƙarƙashin tanki take fitowa, wato daga kan injin.

Duk wanda na gaya wa sai ya ba ni nasa hukuncin. A majalisarmu ta bayan Isha'i wani ya ce tafet ne, wato ƙarfen da ke danna bawul a kan injin, wani ya ce cen ɗin taimin ne, wato sarƙar da ke cikin injin. Wani bakanike na bakin hanya da na tsaya wurinsa ya saurari bayanina, ya ce konrod ne, wato sandar da ke riƙe fistin a cikin injin, ya fara ci, in kawo a sauke injin a canza fistin da ringi tun da wuri. Ban ga laifinsu ba, domin da bakina suka ji ƙarar, ba da kunnensu ba. Amma maganar da ta tsaya mini a rai ita ce ta wani abokina da ya ce in yi maza in sayar kafin injin ya buga. Ni da ban gama zubin adashi ba! Kwana nawa ina juyi a shimfiɗa ina lissafi. Uwargida ce ta buɗe akwati ta ɗauko littafin nan, ta ce, "Malam, ai mutanen nan sun ce ka koma musu. Ka je ka ji ta bakinsu kafin ka bari a taɓa shi."

Ranar Asabar na zo. Ƙarar ta ƙi fitowa. Ɗaya daga cikin yaran ya hau ya zaga unguwa sau biyu ya dawo ya ce shi bai ji komai ba. A nan gabana ya faɗi, domin na san abin da aka saba faɗa wa mutum a irin wannan hali: sabon mashin ne, kunnenka ne, je ka kawai. Baba bai faɗi haka ba. Ya jawo benci ya ce in zauna, ya yagi gefen kwali ya ɗauki biro.

"Malam, da sanyin safiya take yi, ko sai mashin ya ɗau zafi?"

"Sai ya ɗau zafi, Baba."

"Kamar tafiyar minti nawa? In ka ɗauki mutum tana ƙaruwa? In ka faɗa rami fa? In ka taka birki tana ɗaukewa?"

Haka ya yi ta tambaya yana rubutawa. Shekarata goma sha huɗu ina koyarwa, na san bambancin mai tambaya don ya ji da mai tambaya don a ce ya yi. Baba na farkon ne.

Daga nan ya ce a bar injin ya huce sosai, domin ba a auna tafet da zafi. Muka jira fiye da awa ɗaya. Ya buɗe murfin, ya zura 'yan siraran ƙarafan nan na awo, ya ce tazarar daidai take, bai taɓa komai ba ya rufe. Ya ɗaga tayoyi ɗaya bayan ɗaya ya jijjiga su ya juya, boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, lafiya. Ya taɓa cen na baya ya tarar ya saki fiye da kima, ya kalle ni ya ce wannan kam sakacina ne, bai kamata wasansa ya wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kuma ƙurar hunturu ta busar da shi. Ya ɗaure ya sa masa mai, ya nuna mini yadda zan riƙa dubawa da kaina. Sannan ya yi abin da ya fi kwantar mini da hankali. Ya sa aka juye baƙin mai a cikin farin kwano mai tsabta, ya fita da shi rana, ya murza tsakanin yatsunsa, ya zagaya da maganaɗisu a ciki. Babu ko ɓurɓushin ƙarfe. Ya ce da konrod ne ko fistin ke ci, da mun ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a man, kuma ƙararsu mai nauyi ce, tana ƙaruwa in an ba da wuta, ba ta zaɓar gudu ɗaya ta tsaya a kai.

Ya bi duk notunan da hannu ke kaiwa ya ƙara ɗaure su. Da ya gama ya goge hannu ya ce, "Malam, ba zan yi maka ƙarya ba, ban gano ta ba. Na dai san inda ba ta. Ka tafi, in ta dawo ka kira ni."

Wannan maganar ita ce asalin abin da ya sa nake rubutun nan. Da ya ce mini cen ɗin ne, an gyara, da na yarda na yi godiya na tafi. Mutum mai furfura, a gaban yaransa, ya ce bai gano ba. Ban taɓa jin bakanike ya faɗa mini haka ba sai ranar.

Litinin da safe, daidai Palladan, ta dawo. Na kira shi lokacin tara. Na ɗauka zai ce in sake kawowa Asabar, sai ya ce gobe in biyo ta shago da ƙarfe bakwai saura in ɗauke shi. Na zo na same shi a ƙofar shago da rigar sanyi, da doguwar sukundireba da tsumma a aljihu. Wanda ya san hazon Zariya na watan Janairu ya san abin da ake nufi da dattijo ya hau bayan mashin a wannan lokaci. Muka kama hanyar Samaru, ba mai cewa uffan.

Muna wuce kwalejin jiragen sai ga ta. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Na ji ta. Riƙe shi a haka, kada ka ƙara, kada ka rage." Wallahi wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjina, don wani ya ji abin da nake ji. Ya ce in kama kuloci mashin yana gangarawa. Na kama, injin ya sauka, ƙarar ta ɗauke alhali tayoyi suna juyawa. Ya ce to, ba ta taya ba ce, ba ta cen ba ce, tana bin juyin injin. Na saki ta dawo. Sai na ji ya ɗan karkata ta dama, ashe dunduniyar takalminsa ya danna a jikin salansa. Nan take muryar ƙarar ta canza, ta dusashe. Ya ɗaga ƙafa ta dawo. Ya sake dannawa ta sake dusashewa.

Muka tsaya kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ya ce kada in kashe. Ya kafa bakin sukundireba a kan injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya saurara. Ya matsa gefen taimin, ya sauka ƙasa wajen kuloci. Ya miƙo mini in ji da kaina, sauti ɗaya ne mai tsari, babu karo a ciki. Sannan ya ce in kashe, ya naɗe hannunsa da tsumma ya daki cikin salansar. Wani abu ya amsa daga ciki, kar-kar, irin ta gwangwanin nan.

A tsaye a gefen titi, 'yan makaranta suna wucewa, ya yi mini bayani. A cikin salansa akwai faifai da 'yan bututu da aka yi wa walda, su ke karya ƙarfin hayaƙi su rage ƙara. Waldar ɗaya daga ciki ce ta saki. In ƙarfe yana da sanyi, jikin salansar yana matse faifan, ba ya motsi. In aka yi tafiya ta ɗau zafi sai ƙarfen ya ɗan buɗe, faifan ya sami wurin rawa, kuma ba ya rawa sai injin ya kai wani juyi na musamman ya daɗe a kai. Shi ya sa ba ta fitowa a kan jak, inda wutar da ake bayarwa ke hawa ta sauka nan da nan. Batun tanki kuwa, ya ce girgizar tana bin ƙashin mashin ne ta hau sama, tanki kuma kamar ganga yake, shi ke ɗaukar sautin ya kawo kunne.

Duk da haka bai yanke hukunci ba. Da na taso daga makaranta na biya shago, ya sa aka kwance salansar mashin ɗin da suke zuwa aike da shi, irin nawa ne, aka ɗaura mini. Kwana biyu ina zuwa ina dawowa, ko tari bai yi ba. Sai a nan ya ce ya tabbata.

Sauran aikin na ofis ne, kuma shi ma an yi shi da mutunci. Matashin da ke riƙe da takardu ya ɗauki hotuna, ya rubuta lambar injin da ta jikin mashin, ya duba hatimin sabis a littafina, ya aika babban ofishi. Na tambayi Alhaji ko ba za a kai wa mai walda ya tsaga ya gyara ba don a huta da jira. Ya ce a'a, sabon abu na saya, sabon abu za a ba ni, in ci gaba da amfani da tasu har tawa ta zo. Kwana goma sha ɗaya aka yi. Su suka kira ni, ban bi su ba. Aka ɗaura sabuwar salansa da sabon gaskit. Abin da ya fita daga aljihuna a duk wannan hidimar kuɗin baƙin mai ne kawai. Na naɗe ɗan abin goro na miƙa wa Baba ya mayar mini da hannuna, sai dai na samu na saya wa yaran shayi da ƙosai.

Ina yawan tuna abin da zai faru da na bari an sauke injin nan. Da na ci bashi na sayi fistin da ringi, da garantina ya tafi, da injin da bai yi laifin komai ba an farke shi, sannan in kama hanya da safe in kai Palladan in sake jin kar-kar-kar.

Alhaji, ina da roƙo guda, kuma don ina son shagon nake yinsa. Littafin garantin nan da Turanci aka rubuta shi, da ƙananan haruffa. Yawancin masu sayen mashin a wurinka manoma ne da 'yan kasuwa daga Giwa, Soba, Maƙarfi da ƙauyukan Zazzau, da yawansu ba za su iya karanta shi ba. Da za ka sa a rubuta sharuɗɗan da Hausa, da boko da ajami, a takarda ɗaya a manna a bangon shago, da mutane da yawa ba su yi asarar haƙƙinsu a hannun mai sifana na bakin hanya ba. Idan kana so, ni zan rubuta maka na boko ba tare da ko kwabo ba.

Yau mita tana nuna sama da kilomita 4,000. Ina isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, na kuma gama zubin adashina a watan jiya. Allah ya yi wa kasuwarku albarka. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sa yaran da ke hannunsa su gaji kunnensa da gaskiyarsa. Allah ya saka muku da alheri, amin.

Naku,
wani malamin firamare,
Tudun Wada, Zariya.